Ƙafar Kofur Jatau

Na san kun sha jin ana cewa ni ne na sa aka karya wa wani mutum ƙafa sau biyu. Yayarku ta taɓa dawowa daga biki a Mabai tana kuka, don wata tsohuwa ta faɗa mata haka a gaban jama'a. Ranar na ce ta share hawayenta kawai, ban yi mata bayani ba, saboda ina tsoron in faɗi rabi in manta rabi. Yanzu da ba ni da wani aiki sai zama, ga yadda abin ya kasance, gwargwadon abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji.

Ni ɗan doka ne tun zamanin En'e. Da aka haɗe mu da 'yan sandan tarayya na sa sabon kaki, amma ban daɗe a cikinsa ba gyambon ciki ya sa aka sallame ni. Likita ya ce damuwa ce ta ci mini ciki, ban kuma musa masa ba. Kun dai san ni: zan kulle ƙofa, in kai bakin titi, in dawo in taɓa kwaɗon. A da, idan ɗan doka ya shiga matsala akwai Wakilin Doka, akwai hakimi, akwai wanda zai je ya durƙusa ya roƙa masa. Bayan haɗewar sai ƙaramin ɗan sanda ya wayi gari ba shi da kowa, manyansa baƙi ne, dokokin aiki kuma a Turance suke. Shi ya sa wasu tsofaffin sajoji da matan 'yan sanda da wani attajirin auduga na Funtuwa suka kafa ƙungiyar taimako. Abu biyu kawai take yi: in ɗan sanda ya ji rauni ta kai shi ga likita, in an tuhume shi ta nemo masa lauya. Ni aka ba aikin ziyara a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka haɗa mini da babur. Shugabanmu, wani tsohon saje da muke kira Alhaji Babba, ya ce sun zaɓe ni ne don mutumin da ƙaramin abu ke hana shi barci ba zai yi barci a kan babban abin wani ba. Har yau ban tabbatar ko yabo ba ne.

Shekarar da nake magana ita ce wadda kuɗin mai ya cika ƙasa, aka ƙara wa ma'aikata albashi, kowane malamin makaranta ya sayi babur da rediyo. Manyan motoci ɗauke da siminti suka riƙa bin hanyoyin da aka yi domin jakuna. Wata ranar kasuwar Ƙanƙara birkin ɗaya daga cikinsu ya tsinke a gangare, Kofur Jatau yana tsaye yana korar mata masu tallan fura daga bakin hanya. Matan sun tsira. Shi motar ta buge shi a cinya. Kafin a kai labari caji ofis, danginsa da suka zo cin kasuwa sun ɗora shi a amalanken shanu sun nufi gida da shi, wata unguwar Maguzawa a bayan Mabai. Ba wanda ya nemi izinin kowa, ba su ma san ana nema ba. Sufeton da ke riƙe da ofishin sabon zuwa ne, ba mugu ba ne, amma doka ta ce ɗan sandan da bai zo aiki ba, likitan gwamnati kuma bai gan shi ba, ya gudu ke nan. Da kwanaki suka yi nisa sai aka tuhumi Jatau da gudu daga aiki. Hukuncin wannan kora ne, ba fansho, ba komai.

Daren da zan tafi duba shi na dami mahaifiyarku da tambayoyi. Ban taɓa shiga gidan Maguzawa ba sai dai in bi ta bakin gonarsu. Me zan ci? A wace ƙwarya zan sha ruwa? In lokacin salla ya yi fa? In na ƙi abincinsu na ci mutuncinsu, in na ci kuma ban san abin da aka dafa a tukunyar ba. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, marar lafiya za ka dubo ko aure za ka nemo? Ka tafi da butarka, sauran ka bar wa Allah."

Duk tsoron nan a banza na yi shi. Ina isa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a ƙarƙashin ɗorawa, aka kawo ruwa a ƙwaryar da ba a taɓa sha a cikinta ba, wata tsohuwa ta nuna mini gabas tun ban tambaya ba. Suna da dangi musulmi da yawa, sun fi ni sanin abin da zan damu da shi. Abin da ban shirya masa ba shi ne mahaifin Jatau, Baba Nomau. Shi ne maɗorin yankin gaba ɗaya, daga nan har cikin ƙasar Faskari ana kawo masa masu karaya, kuma shi da hannunsa ya ɗaure cinyar ɗansa. Na tarar da Jatau kwance a kan yashi mai laushi cikin wata bukka, ƙafar a jere da karare an naɗe da sawaye, ƙyallen saƙar gida. Kusa da kansa ga wani jan zakara a cikin kwando, shi ma ƙafarsa ɗaya a ɗaure da 'yan tsinkaye.

Na kasa ɗauke ido daga zakaran nan. Na tambaya, Baba Nomau ya yi mini bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A gidansu, ranar da aka ɗora mutum ana karya ƙafar zakara a ɗora ta, su yi jinya tare. Sai zakara ya taka sannan a fara maganar kwance mutum. Na ce to zakaran ne ke warkar da shi, ko shi ke nuna lokaci? Ya ce shi ma ya yi wa ubansa wannan tambayar, aka ce ya rufe baki ya riƙe ƙafa. Na tambayi abin da yake shafawa, ya nuna mini man shanu da wani saiwa da ya daka. Na tambayi yadda yake sanin ƙashi ya haɗu, ya kama hannuna ya bi da yatsana a kan ƙaurina har na ji wani ɗan tudu da ban san ina da shi ba, ya ce na taɓa faɗowa daga bisa ina yaro. Gaskiya ne, daga kan rumbun kakana. Na manta da abin da ya kawo ni har rana ta karkata.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, wato a kai Jatau gaban likitan gwamnati, fuskarsa ta canza. Ya ce wanda aka ɗora a gidan nan ba ya tsallake bakin ƙofa sai maɗori ya sallame shi. Wanda ya fita kafin haka, hannun maɗori ba ya sake taɓa jikinsa har abada, ko da ɗan cikinsa ne. Wanda hannu ya bari kuma ba ya gadon ɗori. Jatau shi ne babban ɗa, shi aka fara koya wa tun kafin ya shiga aikin kaki.

Na koma Funtuwa na kai wa Alhaji Babba rahoto, shi kuma ya kira lauyan da ke taimaka wa ƙungiya kyauta, wani saurayi daga Zariya mai gashi kamar an kifa masa kwando da wando mai faɗin baki. Lauya ya saurare ni yana murmushi, ya ce in marar lafiya ba zai je wurin likita ba, ai ba a ɗaure ƙafar likita ba. Ya ce abin da yake bukata kawai shi ne likitan gwamnati ya ga mutumin da idonsa, ya shaida cewa rauni ne ya kwantar da shi. Akwai wani likita Ba'indiye, dattijo, da ke duba mana mutane a ranakun hutunsa. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Ni da na tsaya a firamare aka ce in yi tafinta. Kwana na yi ina bitar sunayen gaɓoɓin jiki da Turanci, ina tsoron in ce gwiwa a inda ake nufin ƙugu a yanke wa mutum abin da bai kamata ba.

Muka je a motar Lauya, wata ƙarama mai ƙirar kunkuru, muka bar ta a bakin rafi muka ƙarasa da ƙafa. Na ɗauka tsofaffin nan biyu za su yi faɗa. Ba su yi ba. Likita ya tuɓe takalmi a ƙofar bukka, ya tsuguna, ya nemi izini kafin ya taɓa. Baba Nomau ya tsaya a kansa yana kallon yatsunsa kamar yadda manomi ke kallon garmar wani. Likita ya ce ba ruɓa, ba zazzaɓi, jinya ta yi tsabta. Sa'an nan ya miƙe ƙafafun biyu a jere ya kalli dugadugai. Ya ce ƙashin ya kama, amma bakin ɗaya ya hau kan ɗaya, ƙafar za ta gajarce da kamar faɗin yatsu uku. Na juya wannan da Hausa a hankali, ina jiran tsohon ya fusata.

"Na sani," in ji Baba Nomau. "Tun ran da na ɗaure na sani. Mutum huɗu suka ja, naman cinyar ya fi ƙarfinsu. Zakara ba shi da cinyar ɗan sanda."

Ya ce yaron zai yi tafiya, zai yi noma, zai hau jaki, gudu ne kawai ba zai yi ba, kuma shi bai ga abin da mutumin kirki zai yi da gudu ba. Likita ya yi dariya da na faɗa masa. Amma ya ce aikin ɗan sanda ba ya riƙe mai ɗingishi. In an bar ƙafar haka, zai shaida rauni, Lauya ya nema masa sallama ta mutunci da ɗan fansho, ya zauna gida. In kuma yana son kaki, sai a kai shi babban asibiti a sa masa barci, a sake raba ƙashin tun bai gama ƙarfi ba, a huda ƙauri a sa ƙarfe, a rataya nauyi ya yi ta ja har tsawon ya dawo. Zai yi watanni a kwance. Yana iya miƙewa sarai, yana iya ruɓewa a rasa ƙafar gaba ɗaya. Ƙungiya za ta ɗauki nauyin ko wanne ya zaɓa. Na faɗi wannan duka, ban rage ko kalma ba, har na sa Likita ya maimaita maganar ruɓewar don in tabbata na ji daidai, na kuma faɗe ta sau biyu. Lauya ya ce mini a hanya da ni ne mai sayar da magani da ba wanda zai sha.

Ba a yanke magana ranar ba. Na yi ta zuwa bayan haka, ina kai wa Jatau sabulu da sukari, ina kuma sauraren gidan. Uwarsa tana cewa motar nan Allah ne ya aiko ta ta dawo mata da ɗa. Ƙannensa suna yi masa ba'a, wai gwamnati ta ba shi usur ya tsayar da mota, motar ba ta ji Turanci ba. Matarsa ba ta cewa komai a gaban surukai, amma ta tare ni a bayan danga ta tambaye ni ko gaskiya ne 'ya'yan 'yan sanda a bariki duka suna zuwa makaranta. Baba Nomau shi bai roƙi ɗansa ba ko sau ɗaya. Da safe zai duba ɗaurin, ya duba zakara, ya fita. Na taɓa tambayar kaina ko da gangan ya bar ƙafar ta gajarce don ɗansa ya zauna. Na auna wannan tunanin shekaru da yawa, kuma ban yarda da shi ba. Na ga yadda yake taɓa ƙafar nan. Amma na yarda cewa da ya ga ta gajarce, bai yi baƙin ciki sosai ba.

Wata rana da hantsi muna mu biyu a bukka, Jatau ya tambaye ni.

"Malam, kai da ka tuɓe kaki, ka gaya mani gaskiya. Ana mantawa?"

Na so in ce masa wannan ba aikina ba ne. Dokar ƙungiya ita ce mai ziyara ya kai bayani, kada ya ba da shawara. Amma ba shawara ya nema ba, tambaya ya yi mini a kan kaina, kuma ban iya ƙarya ba ko ta taimako. Na ce masa ni dai ban manta ba. Na ce har yanzu in na ji usur na fareti daga bariki da safe sai in tsinci kaina a tsaye. Na ƙara da cewa ni ba shi ba ne, ni ba ni da gona mai kyau, ba ni da sana'ar gado, ba ni da uba a raye. Ya ce ya ji. Abin da na faɗa ke nan, ba ƙari. Wanda ya ce muku na zuga shi, ku tambaye shi ko yana cikin bukkar.

Zakaran ya riga ya fara dafa ƙasa lokacin da Jatau ya gaya wa ubansa zai tafi asibiti. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce a kira dangi su tsaya shaida. Ya zauna ya kwance sawayen da hannunsa, a hankali, ya jera kararen a gefe, ya shafa man shanu tun daga ƙugu har yatsu, ya daɗe yana shafawa fiye da yadda aikin ke bukata. Sa'an nan ya wanke hannu a ƙwarya, ya zubar da ruwan a bakin ƙofa, ya shige ɗakinsa. Mu muka ɗauki Jatau a kan ƙyauren ƙofa zuwa mota. Uwarsa ta bi mu har rafi tana faɗa mini maganganun da ba zan rubuta ba. Daga bakinta maganar karya ƙafa sau biyu ta fito, kuma ban taɓa riƙe ta da ita ba.

Watannin asibiti su ne mafi tsawo a rayuwata. Kowane mako sai na je. Ina shiga sai in sunkuya in shinshina ƙafar, don Likita ya ce ruɓa wari take fara yi, har ma'aikatan jinya suka sa mini suna Mai Hanci. Na yi ta kallon yadda aka yi abin: ƙarfe ya ratsa ƙauri, igiya ta bi ta kan wata 'yar ƙafar ƙarfe mai juyawa a ƙarshen gado, jakar yashi tana lilo a ƙasa, an ɗaga ƙafafun gadon don kada nauyin ya janye mutumin. Abin da ƙarti huɗu suka kasa da ƙarfi, jakar yashi ta yi shi da naci. Sau ɗaya zazzaɓi ya kama shi, bakin ƙarfen ya yi ruwa, na dawo gida na kasa cin tuwo har mahaifiyarku ta ce in ƙafar ta warke ni za a kwantar a gadon. A can gefe kuma Lauya ya tsaya a gaban manyan jami'ai da shaidar Likita da ta matan nan masu fura, waɗanda suka zo da kansu a motar haya. Aka janye tuhumar gudu. Aka ce in ya tashi zai yi fareti a gaban likitocin aiki, su za su ce ya zauna ko ya tafi.

Ya tashi. Gwiwar ta ɗan yi tauri, ba ya iya tsugunawa sosai, amma dugadugan sun daidaita. Ranar gwaji ya taka, ya juya, ya yi gudu ya kai bango ya dawo, ni ina bayan wata bishiya ina leƙe. Aka mayar da shi aiki, aka tura shi Sabuwa. Kafin ya kama aiki ya ce in kai shi gida a babur.

Lokacin an gama girbi, ana ta ɗaurin dawa. Muka tarar da Baba Nomau a ƙofar gida, ƙanen Jatau yana zaune kusa da shi yana fere karare, shi ne yanzu mai riƙe ƙafa in an kawo mai karaya. Jatau ya rusuna gwargwadon yadda gwiwa ta bari, ya gaida uban. Uban ya amsa kamar jiya suka rabu. Ya ce masa ya taka zuwa rumbu ya dawo. Ya taka. Ya ce ya naɗe wando. Na ga hannun tsohon ya tashi daga kan gwiwarsa ya nufi cinyar, ya tsaya a iska, ya koma.

"Malam," ya ce da ni, "ara mani hannunka."

Na durƙusa a gaban Jatau. Tsohon ya riƙa gaya mini inda zan sa yatsa: sama kaɗan, ciki kaɗan, danna, bi da shi ƙasa. Yana tambaya ina amsawa. Akwai tudu? Akwai, amma ƙarami. Ya karkata ko ya miƙe? Ya miƙe. Da zafi wurin? Babu. Ban taɓa jin tsoron yin kuskure irin na ranar ba, don na san duk abin da na faɗa shi ne abin da zai sani game da ƙafar ɗansa. Sai ya tambaye ni yadda suka ja ta. Na zana masa gadon a ƙasa da tsinke, da igiyar, da jakar yashin. Ya sa na maimaita maganar ɗaga ƙafafun gado. Ya juya ya ce wa ƙanen ya duba da kyau, yashi dai ba su rasa shi ba a rafi.

Ya daɗe yana kallon ƙafar, hannuwansa biyu a matse a tsakanin gwiwoyinsa.

"Sun gyara ta," ya ce. "Ta fi tawa kyau. Sauke wandonka, ka shiga uwarka ta ba ka ruwa, kada rana ta yi maku a hanya."